Gwaggon da Na Tsinta a Bata

Laraba, 2 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau na durƙusa wa biri a tsakiyar mahaɗar Bata ta Kano, kuma ban ji kunya ba.

Na fito daga Kwari zan tsallaka in hau adaidaita sai na ji ganga. Gardawan da suka shigo wasan Sallah ne ba su gama watsewa ba. Mutane sun yi da'ira, 'yan dako sun sauke diloli suna kallo. Jajayen birai biyu suna ta tsalle, ta ukun kuwa tana zaune a kan tsohuwar taya, an sa mata ɗan siket ja, an ɗaure ta da sarƙa a ƙugu, ana buga mata ganga a kunne ko motsi ba ta yi. Ƙarama ce, mai duhun gashi, da fari a maƙogwaro da ɗigon fari a hanci. Ni Obiageli a Sabon Gari aka yanke mini cibi, a Kwari na tsufa ina sayar da yadi, amma ko a mafarki aka nuna mini wannan fuskar na san ta. Ban taɓa ganin irinsu ba sai a kurmin garinmu, can kudu.

A garinmu ba a ce musu birai. Namijin Kawu ne, macen Gwaggo, haka sunan yake in an juya shi da Hausa. Kakata ta ce zamanin da ake farautar mutane, su ne suka yi ta ihu daga saman itatuwa har gari ya farka ya tsira. Tun daga ranar aka bar musu kurmin da ɗakin tsafin da ke cikinsa. Su shiga gonarka su ci, su shiga kicin su buɗe tukunya, ba ka da ikon ɗaga musu ko tsinke. In ka haɗu da ɗaya ka rage tsawo ka gaishe shi, ka miƙa abin da ke hannunka.

Mangwaro ne a hannuna. Na rage tsawo, na gaishe ta da yarenmu yadda kakata ta koya mini. Ta ɗago kai, ta miƙo hannu biyu ta karɓa. Aka kwashe da dariya, wani ɗan dako ya ce, "Madam ta ga 'yar'uwarta." Na ce, "Gaskiya ka faɗa, ɗan nan, sai dai ba ka san ka faɗa ba."

Kunnenta na hagu a tsage yake. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba yau.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da hantsi

Na buɗe shago, na kasa zama, na koma Bata. Gardin sunansa Gambo, kuma ba mugu ba ne, mai neman abinci ne. Ya ce, "Madam, wallahi asara ta zame mini. Ba ta rawa, ba ta sara wa mutane, ci ma sai ta ga dama." Muka daidaita a kan turmin atamfa na matarsa da shaddar da za ta ishe shi babbar riga. Har da godiya ya yi mini.

Da bakina na tambaye shi inda ya samo ta, ba wanda ya sa ni. Ya ce wani direban motar kudu ne ya haɗa shi da mai ita a tashar New Road tun kafin azumi. "Saurayi ne dogo mai wushirya, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Har cewa ya yi in riƙa jiƙa mata buhu saboda zafi."

Na ce dogaye masu wushirya sun yi yawa a duniya. Ya ce haka ne, Madam.

Alhaja Morufat, maƙwabciyata mai leshi, ta leƙa kwandon da na shigo da shi, ta ja da baya. Ta ce, "Iya Kelechi, yau kuma sabuwar haja kika saro?" Na ce eh, amma ba ta sayarwa ba ce.

Alhamis, bayan magariba

Na yanke siket ɗin da almakashin shago, na kwance sarƙar. Ƙugunta duk ya saɓule, na shafa mata man kaɗanya. Ta haye saman kwaba ta juya mini baya, kuma tana da gaskiya.

Bari in rubuta dokar yadda take, don kada gobe in soma yi wa kaina rangwame. Duk ɗan gari da ya ga Kawu ko Gwaggo a wajen kurmi, dole ya mayar. A bakin ɗakin tsafi tsohon da ke tsaron kurmi zai damƙa maka goron rantsuwa ya tambaye ka hannun wa ya fitar da ita. In wanda ya fitar ne ya dawo da ita da kansa, sai ya ba da akuya, a aske masa kai, shi ke nan. In kuwa wani ne ya kawo, wanda aka ambata ya rasa gari. Ba shi da fili, ba shi da gado, in ya mutu ba a binne shi a ƙasar ubansa.

Ɗa ɗaya gare ni. Kelechi ya gama karatu ya zauna a Kano yana ƙirga tayoyin adaidaita, har Cif Boniface, shugaban ƙungiyar 'yan garinmu ta nan, ya samar masa aiki a kurmin. Ai yanzu kurmi ya zama wurin yawon buɗe ido. An yi masa ƙofar ƙarfe da tikiti da rumfar ayaba, an gina ɗakunan baƙi, an horar da ƙanana su riƙa hawa kafaɗar mutane ana ɗaukar hoto. Kelechi ne mai zagayawa da baƙi, don yana jin harsuna uku. Har rawa na yi ranar da ya samu aikin.

A wayata akwai hoton da ya turo mini lokacin Kirsimeti, yana dariya, da wata 'yar Gwaggo a kafaɗarsa. Ban buɗe shi ba yau. Na san wane kunne ne.

Juma'a, 4 ga Afrilu, azahar

Kelechi bai ɗaga waya ba. Ta ci gwanda kaɗan.

Asabar, 5 ga Afrilu, da yamma

Labari ya zaga unguwarmu Kwaciri. Na dawo daga kasuwa na tarar da matan gida da na maƙwabta sun cika tagata, kowa da waya a hannu. Wata ma cewa ta yi in ɗora mata ita a kafaɗa ta yi hoto ɗaya kawai. Ban san lokacin da na ɗauko tsintsiya ba. Abin da ya raba ta da uwarta ke nan, shi za ku biyo ta da shi har ɗakina? Na kora su, na rataya zane a tagar.

Hajiya Zaituna mai gida ta aiko a kira ni. Ta ce, "Maman Kelechi, shekara da shekaru muna tare ban taɓa jin kanki da kowa ba. Amma biri a ɗaki?"

Na ce, "Hajiya, baƙuwa ce, ba za ta daɗe ba."

"Baƙuwa daga ina?"

"Daga gidanmu."

Ta dube ni ta saman gilashi, ta ga ba wasa a fuskata. Ta ce, "To, baƙon maƙwabci baƙonka ne. Amma kada ta taɓa mini tattabaru."

Lahadi, 6 ga Afrilu, bayan la'asar

Daga coci na wuce taron ƙungiya a Sabon Gari. Duk maganar bikin Ista na kurmi ake yi: motocin baƙi da za su zo daga Legas, fentin ƙofa, riguna masu hoton Kawu da za a sayar. An buga fuskarsa a ƙirji, an sa masa hular Cif. Ana ta tafi.

Na miƙe na ce akwai Gwaggo a ɗakina, a Bata na tsince ta cikin siket.

Tsofaffi biyu suka cire hula. Cif Boniface ya yi murmushi ya ce, "Matarmu, zauna, wannan ba maganar taro ba ce." Tun da mijina Ikechukwu ya rasu suke ce mini matarmu, amma ranar biyan haya ban taɓa ganin mijin ko ɗaya ba. Na ce in ba maganar taro ba ce, to maganar me muka taru yi, riga? Ban zauna ba sai da na ga dama.

Ban faɗi maganar kunne ba.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Cif ya zo shago da kansa, da sandarsa da turarensa. Ya zauna a kan dila ya soma lissafa mini alherin ƙofar ƙarfe. Da ita aka haƙa rijiyar burtsatse, da ita aka yi wa makaranta rufi, matasa sun samu aiki. Duk gaskiya ne, shi ya sa ya fi ba ni haushi.

Ya ce, "In magana ta fita ana dab da Ista, baƙi za su gudu. Ki ba ni ita, ina da wanda zai kula da ita."

Na ce, "Wa?"

"Ke dai ki ba ni. Ko ki bar ta a wurinki. Kano da zafi, waɗannan ba sa jure zafi. In wani abu ya faru ba laifin kowa ba ne, kuma ba wanda za a tambaya komai."

Da zai tashi ya dafa sanda ya ce, "Ki tuna ɗa ɗaya gare ki."

Mutumin da aka ce masa an ga Gwaggo a Bata, har ya zo ya tafi bai tambayi yadda aka yi ta zo Kano ba. Biri ya yi kama da mutum, kuma yau ba da wasa na faɗa ba.

Alhaja Morufat ta leƙo ta ce, "Ban ji yarenku ba, amma na ji mutumin can. Duk wanda ya shigo shago bai taɓa yadi ba, yana ta murmushi, ba alheri ya kawo shi ba." Na gaya mata komai, har kunnen. Ita kaɗai na gaya wa. Ta ce innalillahi, ta kawo mini ruwa, ba ta ba ni shawara ba, na kuma gode mata da hakan.

Talata, 8 ga Afrilu, da safe

Bai ɗaga ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, azahar

Ban fita kasuwa ba. Ba wuta tun jiya, kwanon ɗaki kamar tanda. Ta sauko daga kan kwaba ta kwanta a siminti, baki buɗe, tana numfashi sama-sama.

Na zauna a bakin gado ina kallonta, maganar Cif tana yawo a kaina. In ta mutu a nan, in naɗe ta in kai bayan gari, ba goro, ba tambaya. Kelechi ya gaji filin ubansa, ya yi aure, ya haifa mini jikoki. Ba sai na yi komai ba, zama kawai zan yi. Na daɗe a zaune, ba zan yi ƙarya ba.

Na tashi na jiƙa alawayyo na rufe tagar da shi, na jiƙa wani na shimfiɗa mata, na yi ta fifita har hannuna ya mutu. Ina fifita ina zagin Cif, ina zagin ɗana, ina zagin kaina. Wajen la'asar ta sha ruwa.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan magariba

Ya kira. Da wata lamba.

Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ce, "Mama, don Allah ki kai ta gidan zu ki ce tsintarta kika yi."

Na ce, "Ai tsintarta na yi. Wa ya yar?"

Ya ce ba shi kaɗai ba ne. Wai an ce su Gwaggo sun yi yawa a kurmin, suna shiga ɗakunan baƙi suna ɓarna, an ce a rage ƙanana a hankali, akwai masu so. Shi aikensa aka yi. Ya ce ita ce ta ƙarshe, kuma ya yi kuka a mota.

Na ce, "Wa ya aike ka?"

"Mama, ba a tambayar wanda ya aika. Hannu ake tambaya."

"To zo ka ɗauke ta da hannun. Akuya ce da aski. Ni zan sayi akuyar, gashi kuwa yana tsirowa."

Ya ce in ya je ya tsaya a gaban tsohon nan, za a gane sauran masu hannu a ciki, kuma an riga an gaya masa abin da zai same shi in aka gane sauran. An yi masa alkawari in ya yi shiru komai zai wuce. Na ce alkawarin wa? Ya kashe waya.

Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, haka ake cewa. To wannan ya ɗebo, bakina ake ƙonawa.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da rana

A coci an bar mini benci guda ni kaɗai, har na miƙe ƙafa. Bayan an tashi shugabar mata ta tare ni, wai ana cewa na ajiye tsafi a ɗaki. Na ce ban ce Gwaggo Allah ba ce, ban roƙe ta komai ba, ita ce ma take roƙona ruwa. Kakanninmu sun yi wa wasu bayin Allah alkawari, ni kuma ban ga shafin da aka ce in an yi maka baftisma alkawari ya faɗi ba. Ta ce za ta sa ni a addu'a. Na ce ta sa, ta haɗa da masu buga riga.

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Likitan dabbobi ya zo ya yi mata allura. Ya ce ciwon ƙugu zai warke, amma ba shi ne matsalar ba. Ya ce irin waɗannan ba sa rayuwa su kaɗai, in ba ta koma cikin 'yan'uwanta da wuri ba, to in shirya. Ta rame har ina ƙirga haƙarƙarinta da ido.

Da na shigo da ayaba ta kama gefen zanena ta riƙe. Ba na son ta saba da ni.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Alhaja Morufat ta samo mota. Kazeem, ɗan ƙanwarta, zai kai yadi kudu ranar Alhamis, ya ce zai ratse ya sauke ni a mararrabar garinmu. Ta kuma gaya mini abin da ta so ta ɓoye. Kazeem ya ga Kelechi jiya yana sayen burodi a Sabon Gari. A saman shagon kayan mota na Cif yake kwana.

Duk kwanakin nan ina kiran kudu, ashe ɗana yana nan inda ko adaidaita ba sai na hau ba.

Na rufe shago na tafi da ƙafa. Masu shagon suka ce ba kowa a sama. Na ce to ba komai, da taga zan yi magana. Na tsaya a tsakiyar titi, masu gyaran mota suka ajiye sifana, na ɗaga murya da Hausa don kowa ya ji. Na ce, "Kelechi ɗan Ikechukwu, jibi bayan asuba mota za ta tashi daga Kwari. Kwandon hannu biyu gare shi. In ka zo ka kama ɗaya. In ba ka zo ba zan ɗauka ni kaɗai, kuma abin da aka tambaye ni zan amsa. Ka san uwarka."

Labule ya motsa. Cif ya fito daga ofis yana cewa in yi wa girman Allah in daina tara masa mutane. Na ce ai kai ka saba tara mutane, har tikiti kake yanka musu.

Na dawo gida na ba ta ruwa.

Laraba, 16 ga Afrilu, da yamma

Na haɗa kaya. Na sayi akuya a raina, har na zaɓi kalarta. Zai zo.

Alhamis, 17 ga Afrilu, gari ya waye

An gama lodi tun ɗazu. Hajiya Zaituna ta ba ni fura a gora, ta ce Allah ya kai baƙuwa gida lafiya. Alhaja ta zo rakiya da carbinta, ta sa Kazeem ya duba tayoyin da ya riga ya duba, ta sa ya sake ɗaure tamfol, duk don a ja lokaci. Ni ina tsaye ina kallon hanyar Bata. Duk dogon da ya ɓullo sai in ɗauka shi ne.

Kazeem ya ce, "Mama, rana tana yi." Na ce mu tafi.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan azahar

Na dawo jiya. Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Asabar da hantsi na isa bakin kurmi. Motocin baƙi sun cika filin, ana sayar da riguna, ana kiɗa. Mai ƙofa ya ce in yanki tikiti. Na ɗaga murfin kwando ya leƙa, ya buɗe ƙofar har ƙarshe. Cif yana can cikin manya da jar hula, shi jirgi ya biyo. Da ya gan ni sai murmushin ya tsaya a inda yake.

Na bi hanyar da kakata take bi da ni. Cikin kurmi sanyi, ƙasa a jiƙe, sama ba a ganin rana. Kwandon ya soma motsi a hannuna. Daga saman itatuwa aka yi wani kuka, ta amsa, ita da ban taɓa jin muryarta ba. Baƙi suka biyo ni da wayoyi, sun ɗauka cikin shirin biki ne.

Tsohon yana zaune a bakin ɗakin tsafi. Ya tsufa ƙwarai, amma ya gane ni, ya kira ni da sunan kakata. Ya rage tsawo ya gaishe ta, ya damƙa mini goro, ya tambaya.

Cif yana bayana yana raɗa mini, "Ki ce gardi. Ki ce ba ki sani ba." Ba tsoron goro nake ji ba. Da na ce gardi ba abin da zai same ni, na sani. Amma baɗi wata uwar za ta tsinci wata Gwaggo a wata kasuwa, hannun wani yaron ne zai fitar, waɗannan kuwa suna nan da hulunansu.

Na ce, "Hannun Kelechi, ɗan Ikechukwu. Ɗana."

Na ga matan gari sun ɗora hannu a ka. Na ce, "Baba, ba ka tambaye ni bakin da ya aike shi ba, amma zan faɗa." Ya ce, "'Yata, ba a tambayar wannan." Na ce, "To yau an amsa." Na juya na nuna Cif da goron a hannuna, na faɗi abin da ɗana ya gaya mini a waya, da inda aka ɓoye shi, da yarenmu, na sake faɗa da Turanci don masu waya su samu abin da suka biya.

Aka buɗe kwandon.

Da yamma dattawa suka je filin Ikechukwu, inda na soma ɗora bulo, suka ɗaura ɗanyen ganyen kwakwa a ƙofar, alamar an haramta masa filin. Wannan na Kelechi ne, an gama. Na Cif kuwa an ce za a zauna a kai. Na san irin wannan zaman, kujerar ce take fara gajiya. Na je kabarin mijina na gaya masa abin da na yi, ban jira amsa ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da safe

Na wanke ɗaki. Hajiya ta tambayi baƙuwa, na ce ta isa. Ta ce, "Ke fa?" Na ce ina hanya.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Taron ƙungiya. Cif bai zo ba, wai hawan jini. Mataimakinsa ya ce na zubar da mutuncin gari a idon duniya, hoton ya zaga ko'ina, za a ci ni tara. Wasu sun sunkuyar da kai, tsofaffin nan biyu kuwa suka matsa mini wuri kusa da su.

Ban zauna ba. Na ce ba tara ta kawo ni ba. Ƙungiyar nan ita take ɗaukar gawar ɗan gari daga Kano ta kai gida, shekara da shekaru ina ba da nawa don wannan ranar. Na ce ku cire ni. In na mutu kada motarku ta zo ƙofata. Ƙasar da ba za ta karɓi ɗana ba, ni ma ba za ta ganni ba. A nan aka haife ni, a nan aka haife shi, Kano tana da ƙasa.

Wata ta ce, "Ikechukwu fa? Shi kaɗai za ki bari?" Wannan ta same ni. Na ce shi yana cikin danginsa, yaron ne ba shi da kowa. Na fito kafin su ga idona.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan magariba

Na dawo daga kasuwa na same shi zaune a dokin ƙofata da jaka ɗaya. An kore shi daga saman shagon tun ranar Ista, inda ya kwana tun lokacin ban tambaya ba. Ya rame, wuyan ya ƙara tsawo. Bai gaishe ni ba. Na buɗe ɗaki, na ɗora tukunya, na zuba masa, ya bar kwanon a gabansa.

Ya ce, "Kin san abin da za su yanke."

"Na sani."

"Kuma kika faɗa."

"Na faɗa. In an sake tambayata gobe, haka zan faɗa."

Ya daɗe yana kallon saman kwaba. Na shirya jin kowace irin magana, har na tanadi amsoshi. Sai ya ce, a hankali, "Sun karɓe ta?"

Na ce ta daɗe a bakin kwando tana kallon sama. Wata babbar Gwaggo ta sauko har ƙasa, ta shinshina kunnen, ta juya mata baya, ita kuma ta ɗale. Suka hau, ba ta ko waiwayo ba.

Ya kifa kai a gwiwa. Na bar shi ya yi mai isarsa, ban taɓa shi ba, don in na taɓa shi ni ma zan fara. Da ya gama ya jawo kwanon.

Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba. Na gaya masa Kwari da wuri ake buɗewa, ya nemi takalmin da zai iya tsayuwa da shi.